Kuɗin Waya a Kan Faifai

Da sunan Allah nake farawa, Mai ciyar da wanda ya noma da wanda bai noma ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ku samarin da ke cika mini benci bayan la'asar kuna jiran wayoyinku su sha wuta, na ji abin da kuke faɗa. Kun ce Malam Habu ya samu sana'ar hutu: yana zaune ƙarƙashin laima yana latsa waya, kuɗi na biyo shi har inda yake. Ɗayanku ma ya ce ko akuya aka koya wa za ta iya. Ban ji haushi ba. Wani kuma ya tambaye ni me faya-fayan nan ke yi a gefen teburin mai tura kuɗi, ko na fara sayar da su ne. To wannan ita ce tambayar mai hankali. Faifai ne ya ceci ƙawancen wasu tsofaffi biyu da ya kusa mutuwa ta hanyar wayata, kuma da ya mutu, da ya tafi da rabin sana'ata. Sai dai ku yi haƙuri da ni, ban iya gajerar hanya ba.

Kafin waya ta zo, ni mai rubuta wasiƙa ne. Na yi karatun allo a Tibiri, na iya ajami, na dawo gida Cadawa. Duk matar da mijinta ya tafi cin rani, ko ɗanta ya yi arewa neman abin kansa, ni take aikowa a kira. In zauna a zaure, ita tana daga ciki tana faɗa, ni ina rubutawa da alƙalamin kara da tawadar da na dafa da kaina. Amsa ta dawo a hannun direba, da kuɗi a naɗe cikin takardar. Wani lokaci wasiƙa ta ce biyar, abin da ke ciki huɗu, kuma ba wanda za ka kama, don takardar ta bi hannuwa da yawa. Ladana ƙwaryar hura ce, ko ƙwan zabi, ko addu'a. Da waya ta shigo gari, ba wanda ya sallame ni. Na dai wayi gari tawada ta bushe a kwalba.

Wanda ya koya mini wannan aikin shi ne Sa'idu na Agye, mai shagon sayar da katin waya, wanda na sha rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa. Ya yi lakol, wato makarantar boko, na kuma girme shi nesa ba kusa ba, amma a shagonsa shi ne malam, ni ɗalibi. Abin da ya fara ba ni wuya lambobin boko ne. Biyar ɗin da na sani a allo zagaye ce, ga shi a boko zagaye babu ke nan. Shidanmu kuma ta ɗauko kamannin bakwai ɗinsu. Sa'idu ya ba ni matacciyar waya, ya zaunar da ni bakin hanya, ya ce duk motar da ta wuce in karanta lambarta in latsa. Rani guda na yi ina wannan, har direbobi suka fara zaton jandarma ne suka aje ni.

Ya ce mini, "Baba Malam, abu uku. Karanta lamba, ka sa mai ita ya maimaita. Kira wanda za a tura wa ka ji muryarsa kahin ka latsa. In mutum zai sa lambar sirrinsa kuwa, kau da kai."

Na ce, "Wannan na ƙarshen na san shi tun a littafi. Al'aura ce."

Ban kafa tebur ba sai da na koma Tibiri na tambayi malaminmu game da ɗan abin da ake cira a kan kowane aike. Ya saurare ni har na gama, ya ce in dai an faɗa wa mutum tun farko kuma ya yarda, ladan ɗan aike ne, amma in ji tsoron Allah a kan amana, don abin da ido bai gani ba ya fi sauƙin ci. Da wannan na dawo.

Kayan aikin ga su kuna gani: laima, tebur, benci, wayoyi biyu masu maɓalli waɗanda ba su san gajiya ba, farantin hasken rana a kan rufin shago, jakar fata, buta da buzun salla. Abin da ba ku gani shi ne aikin kansa. Mai tura kuɗi aljihu biyu gare shi, na hannu da na waya, kamar mangalar jaki. Wanda ya zo ajiya ya cika maka na hannu ya rage na waya. Wanda ya zo cira ya yi akasin haka. In gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, kaya sun zube, sai ka zauna kana ba mutane haƙuri. Dole ka san wace kasuwa ce ta masu ajiya, wace ce ta masu cira, ka san lokacin da gyaɗa ke fita da lokacin da rumbu ke ƙarewa. Ga kuma rezo, wato sabis ɗin waya, wanda ke zuwa ya tafi ba sallama. Akwai wata kasuwar ƙauye wajen Gazawa da ba a samunsa sai a kan wani suri bayan rumfar mahauta. Na yi shekaru ina hawa surin nan da babbar riga, hannu a sama, mahauta na ce mini, "Malam, in ka ga wata ka hwaɗa muna!"

Babban aikina na farko na Alhaji Ɗan-Jimma ne, dillalin shanu. A da yakan ɗinke kuɗi cikin ƙugun wando in zai tsallaka iyaka, har ya ce ya manta yadda ake zama daidai a mota. Ran nan ya sayar da bijimai biyu, ga hanya ta fara lalacewa da masu tare mutane. Ya zube kuɗin a teburina, na zuba masa su a waya, saƙo ya shigo, na karanta masa. Ya tafi. Bai kai ƙarshen kasuwa ba ya dawo.

"Malam, duba mini. Suna nan?"

"Suna nan, Alhaji."

Ya je ya sha shayi ya sake dawowa. "Ba su rage ba?"

"Alhaji, ba ƙanƙara ba ce."

Da ya je ya dawo lafiya, ya ciri abinsa a can ba ko dala da ta ɓata, shi ya zame mini mai shela. Maza haka suka shigo, ɗaya na jan ɗaya. Tsoron hanya ne ya fara kawo su. Sai kuma suka gano wani daɗin: ɗan'uwa ya zo da buƙata, mutum ya zazzage aljihu a gabansa ya ce duba da kanka, bai kuma yi ƙarya ba. Wasu kuwa don a gan su ne kawai suna latsawa. Wahalata da maza ita ce lambar sirri. Namiji zai tsaya a tsakiyar kasuwa ya ɗaga murya, "Malam, sa mini, ɗaya-ɗaya ce har huɗu!" Wani kuma ya manta tasa tun bai bar inuwar laima ba, ya dawo yana rantsuwa waya ce ta canza ta.

Mata sun daɗe ba su zo ba, na kuma ɗauka ba za su zo ba. Da yawa ba su da wayar kansu, sai ta maigida. Wasu ba su da katin shaida da za a buɗe musu ajiya da shi. Masu ƙuruciya ba su fitowa kasuwa. Wadda ta fara tsayawa a gabana ita ce Inna Tsahara mai man gyaɗa, tsohuwa mai baki, wadda duk Cadawa ke shakkar cinikinta. Ɗanta da ke aiki a arewa ya aiko mata da waya. Ta aje kwalaben mai, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai Malam, an ce kana zuba kuɗi cikin abin ga. In na zuba, haihuwa sukai?"

"A'a, Inna."

"Akuyata na haihuwa. Biyu-biyu ma."

"Amma akuya na mutuwa, Inna, kuma ana sace ta."

"Wannan hwa ba a sace shi?"

"In an sace, kuɗin na nan. Sai da lambar da ke kanki."

Ta kwance bakin zane ta ba ni takardar jika ɗaya, wato sefa dubu. Kasuwa ta zagayo ta dawo ta ce in fito mata da abinta. Na ba ta. Ta juya takardar, ta ce ba ita ba ce, tata tana da ɗigon mai a gefe. Na yi bayani har na gaji. Ta tafi da ita gida ta kwana da ita, ta dawo ta sake zubawa. Sai da ta yi mini haka sau da dama kafin ta yarda. Amma tun daga ranar da ta yarda, ko da wasa ba ta taɓa manta lambarta ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba. In za ta latsa sai ta ja mayafi ta rufe kanta da wayar gaba ɗaya, kamar mai turare.

Ita ta jawo mini masu ƙuli-ƙuli da masu adashi. Abin da ya ja su ba hanya ba ne, don ba su cika tafiya ba. Saƙon ɗa ne ke zuwa hannun uwa kai tsaye, ba ya biyawa ta wurin baffa ko wan miji a gutsura. Ga gara ba ta ci, gobara ba ta ci, yaro ba ya ganowa a ƙarƙashin tukunya. Sai na yanke a raina cewa na gane mata sarai: abin da suke so a ɓoye musu. Ashe rabin karatun na yi.

Sauran rabin na koye shi a mummunar shekara. Damina ta yi gardama a farko, aka shuka ya ƙone, aka sake shukawa. Da ruwan ya tashi zuwa kuma sai ya zo da hushi, ya yanke hanyoyi. Ba mai ajiya a shekarar nan, kowa cira yake. 'Yan cin rani na turowa, iyaye na layi a gabana tun hantsi, jakata ta ƙare kafin azahar. In hau kabu-kabu zuwa Agye, wani lokaci har Maraɗi, in ɗauko kuɗin hannu in dawo cikin laka, ina tsoron masu tare hanya a kowace kwana. Ribar duk tana tafiya a man babur. Na ga magidanci ya ciri abin da bai kai tiyar hatsi biyu ba, ya tsaya yana kallonsa. Ban rufe tebur ba, don in na rufe ban san inda za su nufa ba.

Cikin wannan daminar Inna Tsahara ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙafa. Ana cikin jinya sai ga saƙo daga Cadakori: ɗiyar Dije ta haihu, haihuwar fari.

Dije ƙawarta ce tun suna 'yan mata masu tallar gyaɗa a tashar Cadawa, kafin aure ya kai Dije can yamma cikin Gobirawa. Tsakaninsu akwai biki. Ku samari ba ku san nauyin wannan ba, ni ma a lokacin ban sani ba. In ɗaya na da suna ko aure, ɗayar za ta zo da gudummawarta, in nata ya tashi a mayar mata da abin da ya fi. Haka suka yi ta yi tun ƙuruciya, ba wadda ta taɓa fashi, ko da za ta sayar da akuya.

Aka kawo Inna Tsahara teburina a kan amalanke, ƙafa a ɗaure da karare. Ta ce, "Malam, ka ga yadda Allah ya yi da ni. Ga hanya ta yanke. Abin nan naka na kaiwa Cadakori?"

Na ce, "Kafin ki gyara zama ya kai."

Dije ba ta da waya, sai muka tura ta wayar babban ɗanta. Na kira shi, na ji muryarsa, na tura, ya ce ya gani, ya yi godiya. Aiki ya yi kyau ta kowace fuskar da Sa'idu ya koya mini. Har na yi wa kaina barka.

Bayan suna shiru. Inna Tsahara ta sa a kira, a ce Dije na wurin mai jego. A sake kira, a ce ta tafi gona. Wata ya wuce. Sai wata mai sayar da daddawa da ta je sunan ta kawo labarin yadda aka yi. Yaron ya ciri kuɗin, ya shiga ɗaki ya ba uwarsa, aka ƙara a cefane. Da mata suka taru da yamma, ana ɗaga gudummawar kowa ana faɗin sunanta ana guɗa, har aka gama ba a ambaci Tsahara ba. Wata ta ce, "Dije, ina ƙawar taki ta Cadawa da kike cika muna kunne da ita?" Dije ta ce ta aiko ta waya. Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "To a hiddo wayar mu yi mata guɗa!"

Ran kasuwa Inna Tsahara ta zo da sanda ta zauna a bencin nan da kuke zaune. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Malam, ka ce ya kai."

"Ya kai, Inna. Ga saƙon ma."

"Bai kai ba."

Ta ce in fito mata da duk abin da ta ajiye. Kafin sati biyu masu ƙuli-ƙuli sun bi sahunta, magana ta zagaya gari cewa wayar Malam Habu na raba zumunci.

Na koma gida ina ta jujjuya abin, na faɗa wa uwargidana, uwar Sa'a. Tana tankaɗe, ta aje rariya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, shekara nawa kana rubuta wasiƙun mata, amma ko sau ɗaya ka taɓa shiga taron biki?"

"Me zai kai ni?"

"To shi ya sa. Kai kana ganin Dije kuɗi ta rasa? Kuɗin adashi a ɓoye shi, na ɗa a ɓoye shi. Amma na biki, in ba a gani ba, ba a bayar ba. Mace na son a ga tana da mutane. Kai kuwa ka shigar mata da ƙawa ta bayan gida kamar ɓarauniya."

Na ce, "To yanzu mene ne magani?"

Ta ɗaga faifan da ke gabanta ta kaɗa mini shi a fuska. "Ƙafa za ka yi mishi. Da baki."

Allah ya sa da kaka Dije za ta aurar da autanta namiji. Ƙafar Inna Tsahara ta ɗinke amma ba ta isa doguwar mota ba. Na je har gida na same ta tana suyar ƙuli, na faɗa mata dabarar uwar Sa'a. Ta daɗe tana juya abin da ke cikin kasko.

"In ta mayar hwa?"

"In ta mayar, Inna, kin dai yi naki a gaban mutane."

"In ta mayar, Malam, laimarka zan sa a murhu."

A Cadakori akwai abokin sana'ata, Agali, jikan makiyayan arewa ne da suka zauna suka kama noma. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma mun saba a waya. Na tura masa kuɗin, na ce ya nemo sababbin takardu, ya sayi goro da sabulu da turmin zane da sabon faifai. Ya ce, "Malam, ni mai tura kuɗi ne ko mai kai lehe?" Na ce yau duka biyun. Ya samo gwaggon matarsa, Gwamma, wadda aka ce in ta yi guɗa ana ji a ƙauyen gaba. Muka shirya za a ɗora waya a buɗe a kan kayan, don mu ji abin da ake ciki.

Ranar, bayan la'asar, Inna Tsahara ta ci ado kamar ita ce uwar ango, ta zo ta zauna a nan. Masu ƙuli-ƙuli suka kewaye mu, wai sun zo wucewa ne. Na ƙara wa wayar murya na aje a tebur. Muna jin takun Gwamma da numfashinta. Agali ya ce daga shagonsa zuwa gidan bai fi jifa biyu ba, amma matar nan sai da ta bi ta bakin rijiya, ta bi ta wurin masu awo, ta bi ta ƙofar maigari. Duk wanda ya tambaya sai mu ji ta ce, "Bikin Tsahara ta Cadawa na, zuwa ga Dije! Kauce, kaya da nauyi!" Yara suka bi ta, hayaniya na ƙaruwa.

Ta yi sallama a tsakar gida, ta saki guɗar da sai da wayar ta yi rawa a kan tebur. Ta faɗi abin da ke kan faifai ɗaya bayan ɗaya. Muka ji wata murya a sanyaye, ta Dije.

"Wa ya aiko ki? Ni ban da ƙawa Cadawa. Waya ce ƙawata, ita ko ba ta zuwa biki."

Na dubi Inna Tsahara, na dubi laimata. Tsohuwar nan ta jawo wayar ta kai bakinta.

"Ke Dije! Dije mai kunnen ƙashi! Don kin zama Bagobira shi ne za ki shanya ni bakin ƙohwa? Ni da na goya ki ranar da kare ya kore mu a tasha kika zubar da gyaɗar uwarki?"

Can aka yi ihu, wata na cewa, "La ilaha, tana cikin hwaihwan!" Dariya ta ɓarke. Muka jira. Da muryar Dije ta dawo, tana rawa.

"Gurguwa. Ke da kinka tashi karyewa, ba ki samu wata rana ba sai ta sunan jikana?"

"Na zaɓa ne? Ki tambayi rijiya."

"Ƙahwar ta yi sauƙi?"

"Ta isa ta shure ki."

Sai muka ji Dije ta ɗaga murya. "Gwamma, wa ya ce ki sauke? Ɗauki ki zagaya da shi! Ki hwara da waccan mai jan kallabi, ita ta ce a hiddo waya a yi mata guɗa. To ga ta nan, bismilla!"

Aka yi guɗa a Cadakori, masu ƙuli-ƙuli suka amsa a Cadawa, har mahauta suka taso da wuƙaƙe a hannu suna tambayar wa ya haihu. Inna Tsahara ta share ido da bakin mayafi ta ce hayaƙin tsire ne. Kafin ta tashi ta kwance bakin zane ta mayar da ajiyarta.

Tun daga nan aikina ya zama iri biyu. In mace ta zo turawa, bayan na karanta lamba ta maimaita, sai in ƙara tambayar da Sa'idu bai koya mini ba: na ɓoye ne ko na faifai? In na ɓoye ne, ko uwar Sa'a ba ta ji. In na faifai ne, sai in kira abokin sana'a na garin, ya nemo mai kaiwa. Yanzu daga Gazawa har Gidan Rumji kusan kowane mai tebur da nake hulɗa da shi yana da tsohuwarsa mai guɗa, ita ma tana samun na goro. Maza suka yi ta yi mana dariya, har ranar da Alhaji Ɗan-Jimma ya tashi tura gudummawar ginin masallacin ƙauyensu. Ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Malam, wannan... akwai yadda za a yi liman ya hwaɗa bayan salla?"

Shekara ta zagayo, jikar Inna Tsahara ta haihu. Ran suna da safe Dije ta mayar da biki, Agali ya turo mini. Saƙon ya shigo Inna Tsahara na zaune a bencin nan, ta zo cirar na cefane. Ta ji ƙarar wayar, ta kuma ji ina amsa wa Agali. Na ƙirga na miƙa mata, na ce tunda ga ta ga kuɗin, an huta.

Ta mayar da hannuwanta bayanta, ta kau da kai wajen masu tumatir.

"Ni ban ga komi ba, Malam. Ban ji komi ba. Ina gida bayan la'asar. Ka ce wa uwar Sa'a ta ɗauko hwaihwai ta biyo ta bakin kasuwa, kuma kar ta yi sauri."

To kun ji abin da faifai ke yi a nan. Wanda ya ce akuya ma za ta iya, ya kawo ta gobe in gwada ta. Ku cire wayoyinku, an kira magariba. Allah ya ba kowa sana'ar da zai ci halal a cikinta.